Cinikin Asiri: Sharhi a kan Hujjar Walter Block

Abin nufi a wannan takarda shi ne a auna wata hujja da Walter Block, masanin tattalin arziki na Amurka, ya kawo cikin littafinsa mai suna Defending the Undefendable, watau neman hujja ga abin da a ke ganin ba shi da hujja, wanda aka buga a shekarar 1976. A cikin littafin nan ya bi waɗansu mutane da jama'a ke ƙyamar sana'arsu ɗaya bayan ɗaya yana nema musu mafita, irin su mai ba da bashi da ruwa, da marowaci, da mai gidajen haya a unguwar matalauta. A cikinsu har da mutumin da ya san asirin wani, ya tafi ya same shi ya ce, ko ka ba ni kuɗi ko in tona. Block ya ce wannan mutum bai yi abin da ya kamata doka ta kama shi a kai ba, har ma ya ƙara da cewa jama'a na cin moriyarsa. Hujjar ba ta wasa ba ce, don malaman shari'a da dama sun gwada warware ta, kowa ta hanyarsa, ba su kuwa haɗu a kan amsa guda ba. Duk da haka za a nuna a nan cewa tana da wurin da ta karye. Block ya lissafa abin cikin ciniki, alhali kuwa ciniki ne wanda hajar ba ta barin hannun mai sayarwa, sau da yawa ma ba tasa ba ce tun farko.

1. Suna da asalin mas'alar

Hausa ba ta da kalma guda ta wannan aiki. Tana da toshiyar baki, watau abin da a kan ba mutum don ya yi shiru, tana kuma da tonon asiri, watau makamin da a ke razana mutum da shi. Aikin da a ke magana a kai shi ne haɗa biyun, a ɗaga makamin don a sami toshiyar. Kalmar da Ingilishi ke kiransa da ita ta samo asali daga kan iyakar Ingila da Sikotilan cikin ƙarni na 16, inda manoma su kan biya manyan mahara wani abu don a ƙyale musu shanunsu. Daga baya ma'anarta ta koma kan mai karɓar kuɗi da barazanar tona asiri. A wannan takarda za a kira aikin cinikin asiri.

Wanda ya fara fito da wuyar mas'alar sarai shi ne Glanville Williams, malamin shari'a na Birtaniya, cikin wata maƙala da ya rubuta a 1954. Ga yadda ta ke. A ce mutum ya san maƙwabcinsa ya taɓa zaman kurkuku a wani gari tun yana saurayi. In ya faɗa wa mutanen unguwa, dokar Ingila ba za ta ɗaure shi ba, tun da gaskiya ya faɗa. In ya tafi ya roƙi maƙwabcin kuɗi, nan ma ba ruwan doka da shi. Amma in ya haɗa biyun, ya ce a ba shi kuɗi in ba haka ba ya faɗa, to, ya aikata babban laifi. Yaya aka yi abu biyu da doka ta ƙyale suka haɗu suka haifi abin da ta hana? Mai karatu ya lura, wannan dabam ya ke da mai cewa ko a ba shi kuɗi ko ya ƙone rumbu. Wancan ba ya rikita kowa, don ƙona rumbu laifi ne da kansa. Wuyar tana inda abin da a ke barazana da shi ba laifi ba ne a doka.

2. Hujjar Block

Block ya warware mas'alar ta gajeriyar hanya, ya ce dokar ce ta yi kuskure. Murray Rothbard, wanda Block ke bin tafarkinsa, ya riga shi faɗin haka tun a 1962. Su biyun suna kan ra'ayin cewa hukuma ba ta da ikon hukunta kowa sai wanda ya taɓa jikin wani ko dukiyarsa da ƙarfi ko da zamba. Abin da ya rage, kome muninsa, tsakanin mutum ne da lamirinsa da bakin jama'a.

Hujjar tana tsaye bisa duwatsu uku. Na farko, mai cinikin asiri tayi ya kawo, bai ɗaga sanda ba. In an karɓi tayin, kowa ya sami abin da ya fi so, wannan kuɗi, wancan shiru. In an ƙi, iyakar abin da zai yi shi ne ya faɗi gaskiya, wadda da ma yana da ikon faɗa. Na biyu, a gwada shi da magulmaci. Magulmaci ba ya sallama, ba ya ba da wa'adi, sai dai mutum ya wayi gari ya ji zancensa a kasuwa. Mai cinikin asiri kuwa ya zo ya ba mutum zaɓi. Don me za a ɗaure mai ba da zaɓi, a ƙyale wanda ba ya bayarwa? Na uku, tsoron mai cinikin asiri ya kan tsare mutane daga aikata ɓarna, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, saboda haka ya zama wani ɗan sanda ne wanda hukuma ba ta biyansa albashi.

Wajibi ne a yarda cewa dutse na biyu yana da nauyi. Mutane da yawa da aka tona musu asiri, da an tambaye su, da sun zaɓi biya. Duk amsar da ta tsallake wannan ba ta amsa Block ba.

3. Hajar da ba ta barin hannu

Amsa mafi sauƙi ita ce, haɗa halal biyu ba kullum ya ke haifar da halal ba. Ba da kyauta abin yabo ne, roƙon alƙali ya dubi ƙarar mutum da idon rahama kuma ba laifi ba ne, amma wanda ya miƙa kyautar da sharaɗin hukunci ya ba da hanci ke nan. Wannan ya isa ya nuna lissafin Block ba dole ne ya fita daidai ba. Bai dai nuna dalilin da ya sa bai fita a nan ba. Dalilin sai an dubi cinikin kansa.

A kasuwa haja tana tashi daga hannu zuwa hannu. Da mai doki ya ce ya sallama, aka ƙirga kuɗi, mai saye ya kama linzami, ya rabu da doki ke nan, ba shi da bakin dawowa gobe ya ce a ƙara masa. Asiri kuwa ba ya fita daga cikin wanda ya san shi. Ko ya miƙa wasiƙun da ke hannunsa, sanin yana nan, balle a zamanin wayar hannu da hoto ɗaya kan zama dubu ba da sanin mai shi ba. Biyan farko ma ya kan ƙara masa ƙarfi ta fuska biyu, don ya tabbatar masa mutumin yana jin tsoro kuma yana da abin bayarwa, sa'an nan biyan kansa ya zama sabon asiri a kan tsohon.

Tarihin Amurka ya ba da misali. Alexander Hamilton shi ne Ma'ajin ƙasar na farko, a zamanin Shugaba George Washington. A 1791 ya shiga neman wata matar aure, Maria Reynolds. Cikin watan Disamba na shekarar mijinta, James Reynolds, ya nemi dala 1,000, Hamilton ya biya. Maganar ba ta mutu ba, don mijin ya ci gaba da aiko da takardu cikin 1792 yana neman ƙananan kuɗi da sunan rance. A ƙarshen shekarar aka kama Reynolds a kan wata zamba dabam, sai ya shiga yaɗa cewa yana da maganar da za ta kā da Ma'aji, har wakilan majalisa uku, cikinsu da James Monroe, suka je suka tuhumi Hamilton. Abin da suka zarga shi ne, kuɗin da ya ke ba Reynolds na wata hulɗa ce da dukiyar gwamnati. A 1797 wani ɗan jarida, James Callender, ya buga zargin, ya zama Hamilton ba shi da hanyar wanke kansa daga cin amanar baitulmali sai ya buga littafi da hannunsa ya amsa laifin zina. Ya biya kuɗi, asirin ya tonu, biyan kuma ya jawo masa zargin da ya fi na farko muni.

Saboda irin wannan ne George Fletcher, malamin shari'a na Amurka, ya ce a 1993 ainihin laifin shi ne ɗora wani mutum ƙarƙashin ikon wani ba tare da ranar fita ba. Mai biya ba ya sanin yaushe za a sake ƙwanƙwasa masa ƙofa, abin da za a nema kuma ba lalle ya tsaya a kuɗi ba. Yau kuɗi ne, gobe sa hannu a takarda, ko shaidar zur, ko jikin mace.

Mabiyan Block suna da amsa. Sun ce wannan duk don doka ta haramta cinikin ne. Da ta halatta shi, sai a rubuta yarjejeniya, wanda ya saɓa a kai shi kotu. Amsar ba ta isa ba. Mai ƙara ba zai iya neman haƙƙinsa ba sai ya bayyana abin da ya biya don a ɓoye. In kuwa an riga an tona, wace diyya ce za ta mayar da zancen? Magana zarar bunu ce. Bayan haka wanda ya karɓi kuɗi ya yi alkawarin shiru yana iya raɗa wa ƙaninsa, ƙanin ya zo da nasa tayin, ba kuwa mai iya nuna inda ruwa ya yoyo. Yarjejeniyar da ɗaya ke iya saɓa ta a ɓoye, ɗayan ba ya iya ƙara sai ya yanka kansa, sunan yarjejeniya kawai ta ke da shi.

4. Asirin na wane ne?

Ko da a ce hajar tana tashi, saura a tambaya ko ta mai sayarwa ce. Asirin da a ke ciniki da shi iri uku ne. Akwai laifin da ya cuci jama'a, kamar akawun da ke satar kuɗin baitulmali. Akwai abin da ya shafi haƙƙin wani mutum guda, kamar miji mai cin amanar matarsa, ko abokin ciniki mai ha'inci. Akwai kuma abin kunya wanda bai cuci kowa ba, kamar ciwo, ko asali, ko wautar ƙuruciya da mai ita ya daɗe da tuba.

A iri na farko da na biyu, James Lindgren ya nuna a 1984 cewa mai cinikin asiri yana caca ne da kuɗin wani. Abin da akawun ke tsoro shi ne hukuma, abin da mijin ke tsoro shi ne fushin matarsa da danginta. Waɗannan su ne masu haƙƙi, da ƙarfinsu a ke razana mai laifin, amma kuɗin wani ke sawa aljihu, su kuwa a bar su cikin duhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan dutsen Block na uku ya ke faɗuwa. Ɗan sandan da ya ke yabo ba ya kai ɓarawo gaban alƙali, rabon ganima ya ke yi da shi, abin da ya fi so kuwa shi ne satar ta ɗore, don da ita ya ke ci. Akawun da aka matsa wa ya biya, daga ina zai samo in ba daga akwatin da ya saba ɗiba ba?

A iri na uku ba wanda ke da haƙƙin sani, saboda haka ba wanda aka tauye da shirun. A nan Block ya fi ƙarfi, a nan kuma ya ke cin ribar wata kalma mai fuska biyu. In ya ce mutum yana da ikon faɗa, nufinsa doka ba ta ɗaure shi in ya faɗa. Wannan dabam ne da a ce faɗar haƙƙinsa ce mai daraja wadda ya cancanci a biya shi in ya bar ta. Dokar Ingila ta ƙyale gulma ne don ba ta iya tsaron kowane baki ba tare da ta kashe faɗin gaskiya ba, ta kuwa bar faɗin gaskiya a sake ne don amfanin masu ji. Mai cinikin asiri ya ɗauki 'yancin da aka bayar don jama'a su sani, ya mai da shi hanyar samu ta hana su sani.

Malaman Musulunci sun tsara wannan wuri da kyau. A wurinsu giba ita ce ambaton mutum a bayan idonsa da abin da ba ya so, ko da gaskiya ne. In ƙarya ce ta zama ƙage. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da aka yarda a ambaci aibin mutum, cikinsu da kai kuka wurin mai iko, da neman fatawa, da gargaɗin wanda ya nemi shawara kan aure ko tarayyar ciniki. A galibinsu, dalilin faɗa shi ne kau da wata cuta. A bisa wannan tsari, in faɗar za ta tsare wani daga cuta, shirun ba na sayarwa ba ne, in kuwa ba za ta tsare kowa ba, shirun bashi ne da ke kan mutum tun kafin a ba shi anini. Hausawa ma da su ke roƙon Allah rufin asiri, su ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun ɗauki riƙe asirin wani cikin abin da ke wajaba a kan mutumin kirki. Mai neman lada a kansa kamar wanda aka ba ajiya ne ya ce sai an fanshe ta.

5. Abin da Milverton ya gani

Saura kwatancin magulmaci, watau dutse na biyu. Abin mamaki, wani marubucin labaru ya riga ya amsa shi shekara saba'in da biyu kafin a buga littafin Block. A 1904 Arthur Conan Doyle ya fitar da labarin Charles Augustus Milverton, ɗaya daga cikin labarun Sherlock Holmes. Milverton mutumin Landan ne wanda cinikin asiri ne sana'arsa. Yana riƙe da waɗansu wasiƙu da wata budurwa 'yar manyan gida, Lady Eva, ta rubuta wa wani saurayi matalauci, ga shi kuwa an kusa ɗaura mata aure da wani basarake. Ya nemi fam 7,000. Holmes ya taya fam 2,000, ya ce iyakar abin da za ta iya ke nan, ya kuma nuna masa karɓar kaɗan ya fi tashi hannu wofi. Milverton ya ƙi, ya ce tona nata zai amfane shi ta wata hanya, don yana da waɗansu da dama a hannu waɗanda za su yi laushi in sun ga abin da ya same ta.

Wannan amsa ita ce cibiyar labarin. Block ya zana mai cinikin asiri da mutum ɗaya a gabansa, sau ɗaya. Doyle ya zana shi da kasuwa. Mai kasuwa dole ya riƙa tona na wasu lokaci lokaci, in ba haka ba barazanarsa ta zama iska. Ashe zaɓin da a ke yabo ba na kowa ba ne, na mai iya biya ne, wanda bai iya ba kuwa shi a kan yanka don a tsorata saura.

Abu na biyu da labarin ya nuna shi ne inda hajar ke fitowa. Milverton yana sayen takardu ne daga barori da kuyangi, har an ce ya taɓa biyan wani bara fam 700 a kan 'yar wasiƙa mai layi biyu. Magulmaci yana yaɗa abin da ya faɗo kunnensa, ba ya kashe ko kwabo wajen tono, da ya faɗa kuma ikonsa ya ƙare. Mai cinikin asiri yana da dalilin zuba jari. Richard Epstein ya bi wannan hanya a 1983, ya ce a ƙaddara doka ta halatta cinikin, me zai biyo baya? Sai a kafa kamfanoni waɗanda aikinsu shi ne leƙen mutane da sayen amana, su kuma koya wa wanda suka kama yadda zai samo kuɗin biya ko ta halin ƙaƙa. Kowane gida sai ya zama bara na da farashi, aboki na da farashi. Asirin da da zai mutu tare da masu shi sai a tono shi don kawai a sayar da binne shi. Robert Nozick ya riga ya lura a 1974 cewa wannan ciniki ba ya haifar da kome, don mai biya bai sami abin da ya fi wanda zai samu da a ce mai karɓar bai taɓa zuwa duniya ba. Ba a faɗin haka ga manomi ko likita.

Labarin Doyle yana da nasa rauni. Duk waɗanda Milverton ya cuta mutane ne abin tausayi, mata ne da suka yi wautar rubuta wasiƙa, ba azzalumi ko ɗaya a cikinsu, saboda haka marubucin ya kauce wa wurin da mas'alar ta fi wuya. Ya kuma kashe maganar da bindiga: wata mata da Milverton ya rusa wa gida ta harbe shi, Holmes ya ƙone takardun, ya ƙi taimakon 'yan sanda. Wannan ya ƙosar da mai karatu, bai amsa tambayar doka ba. Amma wajen gane yadda sana'ar ke tafiya, mai labarin ya fi masanin tattalin arziki gani.

6. Gwaji da roƙo

Akwai wata al'ada ta ƙasar Hausa da mai bin Block zai iya kafa hujja da ita. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta maƙala a kan roƙo a 1957, ya bayyana yadda maroƙi kan fara da yabo da kirari, in ba a ba shi ba sai murya ta sake, yabo ya koma habaici, habaici ya koma zambo. Ga kyauta, ga tsoron baki, ga kuma jama'ar da ta zauna da abin shekara da shekaru. Shin ba cinikin asiri ba ne da aka ɗaura wa ganga?

Kusancin gaskiya ne, shi ya sa malamai suka daɗe suna sukar roƙo. Amma gwajin yana fito da bambanci. Maroƙi a fili ya ke aikinsa, gaban taro, kowa na ganin abin da aka nema da abin da aka bayar. Zambonsa galibi a kan abin da gari ya riga ya sani ne, kamar rowa, gwanintar faɗar ce ke da zafi. Kyautar tana da ma'auni na al'ada, kuma mai bayarwa yana samun wani abu, don a kan yi shelarta, sunansa ya ƙaru. In biki ya watse an rabu. Cinikin asiri a ɓoye a ke yinsa, ba shi da ma'auni sai iyakar tsoron mai biya, ba ya ƙarewa, mai biya kuma ba ya tashi da kome sai abin da ya zo da shi. Ranar da maroƙi ya ajiye ganga, ya shiga zaure shi kaɗai da wani asiri a ciki ya yanka farashi, ya bar roƙo ya shiga wancan aikin.

7. Inda doka ta ja layi

Dokoki ba su hana kowace barazana ba. Dokar sata ta Ingila ta 1968, sashe na 21, ta ce laifin shi ne nema da barazana ba bisa haƙƙi ba, ta sa masa ɗauri har shekara 14. Ta kuwa fid da wanda ya gaskata yana da dalili mai kyau na neman, ya kuma gaskata barazanar hanya ce da ta dace. Mai bin bashi da ya ce a biya shi ko ya kai ƙara bai yi laifi ba, don abin da ya nema nasa ne, bai wuce nasa ba, in an biya kuma magana ta mutu. Dokar laifuffuka ta Indiya ta 1860, wadda aka yi aiki da ita har 2024, ta sa aikin cikin babin ƙwace, misalin farko da ta bayar kuwa shi ne mai barazanar buga abin ɓata suna in ba a ba shi kuɗi ba. Daga ita, ta hanyar dokar Sudan, aka tsara Final Kot ta Jihar Arewa a 1959, inda sashe na 291 ya bayyana ƙwace da cewa sa mutum cikin tsoron cuta don a karɓi dukiyarsa da rashin gaskiya.

Holmes ya yi kukan cewa dokar ba ta da amfani, don wanda aka cuta ba ya iya ƙara sai ya tona kansa. Kotunan Ingila sun rage wannan da al'adar ɓoye sunan mai ƙara a irin wannan shari'a. Wani lokaci kuma mai asirin ya kan karya makamin da kansa. A 2009 wani ma'aikacin gidan talabijin na CBS ya nemi dala miliyan 2 daga David Letterman, mai gabatar da shiri, a kan hulɗarsa da mata ma'aikatansa. Letterman ya kai ƙara, ya kuma faɗi asirin da bakinsa a cikin shirinsa. Lauyan wanda a ke tuhuma ya kawo hujja irin ta Block, ya ce labarin fim kawai aka yi tayin sayarwa, amma a 2010 mutumin ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin wata shida.

Akwai wuri ɗaya da Block ya taɓa doka inda ke mata ciwo. In mai asirin ne ya fara tayi, ya ce ga kuɗi a yi shiru, sau da yawa doka ta kan yarda, har lauyoyi su rubuta. A watan Oktoba na 2017 jaridar New York Times ta bayyana cewa Harvey Weinstein, attajirin fina-finan Amurka, ya yi shekaru yana sasantawa da kuɗi da matan da suka yi kuka da shi. Shirun da aka saya ya bar waɗansu mata cikin rashin sani, watau cutar da Lindgren ya ambata ce ta shigo ta ƙofar da doka ta bari a buɗe. Rashin daidaito ne na gaske. Sai dai Block ya ce a gyara shi da buɗe ɗaya ƙofar, hujjojin da suka gabata kuwa suna nuna a ƙuntata wannan ɗin ne. Majalisar Amurka ta bi wannan hanya a 2022, ta yi dokar da ta hana a tilasta alkawarin shiru da aka sa wa hannu tun kafin rigima ta taso, in maganar ta cin zarafin mata ce.

Hukuncin da ya fito dai shi ne, dokar da ta hana cinikin asiri tana kan daidai, muddin ta bar wa mai haƙƙi hanyar neman haƙƙinsa, ta kuma suturta mai ƙara. Babin Block ya cancanci a karanta shi a kwalejojin horon malamai, don dutsen wasa hankali ne mai kyau. Ɗalibin da aka ba shi ya nemo inda ya karye zai koyi bambanta abin da doka ta ƙyale da abin da mutum ya mallaka, zai kuma koyi tambayar kowane ciniki, me ya tashi daga hannun wa, wa kuma aka bari a waje ba a shawarce shi ba.